Matar da Ta Shayar da Ɗan Sarki

Guéma, Parakou

Auta,

Kada ki karanta wannan takarda a tsaye, kada kuma ki karanta ta a gaban ƙawayenki ko matar yayanki. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai. Akwai maganar da ba za ta yi miki daɗi ba a cikinta, kuma ban yarda ki kira ni a waya ba sai kin kai ƙarshe. Na san halinki, layi uku kike karantawa ki ɗauki waya ki fara gardama. Wannan karon ki bari in gama.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida yayanki Mustafa da iyalinsa da suka sauke ki a Cotonou. Allah ya sa kin gama da takardun tafiya lafiya. Allah ya tsare ki a ƙasa da sama, ya kai ki inda za ki cikin aminci, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Sau biyu na buɗe baki in gaya miki wannan magana ranar da za ki tafi Cotonou, sau biyu na ɓige da tambayarki ko kin ɗauki rigar sanyi. Shi ya sa na koma ga takarda, don ita ba ta kallon fuskar mutum.

Wata uku ke nan kina cika mini kunne da labarin basaraken nan na Koriya da za ki je ki yi karatu a kansa. Ni ban wuce kolej ba, amma na saurare ki, na kuma riƙe. Kin ce fiye da shekara dubu da suka wuce ƙasar a rarrabe take, kowane lardi da mai ƙarfinsa, yana da ganuwarsa da mayaƙansa. Da sabon sarki ya tashi haɗa ƙasar, sai ya riƙa auren 'ya'yan manyan lardunan don ya ɗaure iyayensu a jikinsa. Naki mutumin ya ba da 'yarsa, ta haifi maza, biyu a cikinsu suka hau gadon sarauta ɗaya bayan ɗaya. Kin ce abin da ya ba ki mamaki shi ne littattafan tarihinsu kusan ba su faɗi komai a kan shi kansa ba, sai dai uban matar sarki, kakan sarakuna. Ranar da kika gama ba ni labarin kina wanke shinkafa a tsakar gida, kika ɗago kai kika ce, "Mama, kamar mu." Ni kuma na ce miki e.

Abin bai tsaya a baki ba. A cikin takardun da kika aika na neman bursi, wato tallafin karatu, kin rubuta cewa ke ma kin fito daga gidan fatake na Djougou da ya haɗa jini da gidan sarauta, kakar mahaifiyarki 'yar sarki ce, shi ya sa kike son fahimtar irin wannan dangantaka. Kin karanta mini, na ce ya yi kyau. Daga baya kika ce malamin da zai riƙe ki a can ya ji daɗin wannan wuri, har ya ba ki shawara ki ware babi guda ki kwatanta gidan basaraken da namu.

To, ki ji. Kakata ba 'yar sarki ba ce. Babu ɗigon jinin sarauta a jikina, babu a naki. Ni na ƙirƙiri maganar, tun ba a haifi ko ɗayanku ba.

Sunanta Tabawa, muna ce mata Iya. Iyayenta da ayarin goro suka zo daga Gwanja, suka yada zango a Djougou, zangon ya zama gida. Mijinta, kakana, shi ma goron yake sayarwa, kuma duk sanda kaya suka iso yakan kai wa sarkin wani gari na ƙasar Djougou goron gaisuwa. Shekarar da Iya ta haifi mahaifina, matar sarkin nan ta rasu wajen haihuwa ta bar jariri namiji. Sarki ya san matar mai goro tana goyo, sai ya aiko da yaron a naɗe cikin zane. Iya ta haɗa shi da nata ta shayar da su shekara biyu, aka yaye su rana ɗaya, aka mayar da shi gidan ubansa. Wannan ita ce dukan dangantakarmu da sarauta. Mahaifina da ɗan sarki nono ɗaya suka sha.

Na ga mutumin da idona, ina 'yar shekara bakwai ko takwas. A lokacin ya girma, an naɗa masa rawani. Kashegarin kowace Sallah yakan zo gidanmu, mutanensa su tsaya a waje, shi ya cire takalmi tun daga zaure. Yakan tarar da Iya tana tsince goro a kan jiƙaƙƙen buhu, ya durƙusa a gabanta da babbar rigarsa yana gaishe ta da yaren Dendi, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi sai ta gama ƙwaryar da ke hannunta. Sannan ta dube shi ta ce ya yi ƙiba, ya rage cin sakwara. Mahaifina, da yake siriri ne, yakan ce ai dole ya yi ƙiba tunda shi ya shanye rabon mai gida. Shi kuma ya ce baƙo aka ba fifiko, in akwai ƙara a kai wa Iya. Iya ta zaɓi farin goro biyu ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Wannan ne abin da na gada, kuma shi ne na raina.

Ina da shekara goma sha tara aka kawo ni Parakou. Dangin mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, 'yan atamfa ne a kasuwar Arzèkè tun kakanni, gida cike da alhazai. 'Yan'uwansa mata suka sa mini suna Mai Goro, suna cewa akwatunana warin ganyen huhu suke yi. Wasan dangin miji ne, yanzu na sani, amma a lokacin kowace dariya sai in ji ta a ƙirji. Wata rana babbarsu, Yaya Binta, ta tambaye ni a gaban mata wane ne mai rawanin nan da ya zo ɗaurin aurena. Na ce baffana ne. Har nan ban yi ƙarya ba. Sai ta ce ta ina? Ni kuwa da ɗan karatun kolej a kaina, na ɗauka shayar da ɗan wani aikin barori ne, haka na gani a littattafan Faransanci. Na ji kunya in ce kakata ta shayar da shi. Na ce kakata 'yar gidansu ce, ƙanwar ubansa. Daga ranar ba wadda ta sake ce mini Mai Goro.

Ina gaya miki wannan ne don za ki inda ba wanda ya san ki. Za a tambaye ki ke wace ce a ranar da kike jin kanki ƙarama, kin kasa yarensu, abincinsu ya ƙi zama a cikinki, kina kewar gida. A irin wannan rana ƙarya take zuwa, kuma ba ta zuwa da girma, kalma ɗaya ce a kan gaskiyar da kika riga kika faɗa. Ki faɗi abin da kike, ki yi shiru. In sun raina, su raina, rainin baƙi ba ya wuce ɗakin da aka yi shi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Mahaifina ya rasu shekara guda bayan aurena, baffan nan mai rawani bai daɗe ba ya bi shi. Wadda ta rage cikin dangina masu sanin labarin ita ce Goggo Ladi, ƙanwar mahaifina, 'yar Iya ta cikinta. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta tsaya kai da fata sai an sa ni lakwal, makarantar boko. Da na haifi Mustafa ta taso daga Djougou a bayan motar kaya da huhun goro guda, don kada a ce dangin uwa ba su yi komai ba. Ranar suna, tsakar gida cike da mata, zabiya ta tashi tana yi mini kirari da jikar sarki, don dangin mijina sun riga sun sanar da ita. Goggo tana rabon goro. Ta ɗauka zabiyar ce ta yi kuskure, ta yi dariya ta ce da ƙarfi, "Nono ne, baiwar Allah, ba jini ba. Uwata shayar da shi ta yi."

Yaya Binta ta juyo tana kallona. Ni kuma, ina riƙe da jariri, na ce a ƙyale Goggo, tsufa ya fara taɓa ta. Matar da ba ta wuce hamsin ba. Aka yi dariya, zabiya ta ci gaba.

Goggo ta gama rabon goronta har tire na ƙarshe, ta yi sallar la'asar, sannan ta same ni a ɗaki. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ruɗewar da kika liƙa mini na yafe, tawa ce. Amma kin ɗauke mini uwa kin ba ni wata a gaban mutane. Wannan ba tawa ba ce balle in yafe." Da safe ta tafi tasha ita kaɗai, ta hana a raka ta.

Ki riƙe wannan. A makaranta ko a wurin aiki wani zai gyara miki magana a gaban jama'a, kuma zai yi daidai. Zuciyarki za ta nuna miki hanyar da za ki fita da mutuncinki ki bar shi da kunya, ki ce bai gane ba, ko ya manta, ko shekaru ne. Kina da kaifin baki irin nawa, na san za ki iya. Kada ki yi. Ki ce haka ne, na yi kuskure. Da na faɗi wannan a ranar, da dariyar mako guda za a yi mini a Guéma, shi ke nan.

Mahaifinku ya san gaskiya, don a daren aurenmu ma baffan ya ba shi labari. Bai tona ni ba, amma ya ce in je in ba Goggo haƙuri. Na ce sai na gama wankan jego. Na gama, na ce sai bayan azumi. Daga nan na ce sai an yaye Mustafa. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, na ja ta fiye da shekara talatin. Ku kuma na hana ku Djougou, yau hanya ba kyau, gobe akwai jarrabawa, alhali tsoro nake ku zauna da wani tsoho ya buɗe baki. Sau ɗaya na gan ta. Muna wucewa za mu ta'aziyya, motarmu ta tsaya a tashar Djougou, sai ga ta zaune a kan benci da jaka a cinyarta, ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta duk fari. Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Na ja mayafi na rufe fuska har direba ya tashi motar.

Ban haƙuri yana da lokacinsa, Auta. A makon farko kalma biyu ce. Bayan shekara sai kin nemi mai raka ki. Bayan goma kunyar jinkirin ta fi ta laifin, ita ce kuma ke riƙe ƙafar mutum. In kin ɓata wa wani a can, kada ki bari ya kai Juma'a.

Kina so ki san abin da na samu? Matan da na yi wa ƙaryar don su girmama ni, biyu sun rasu, ɗaya tana wajen 'yarta a Yamai, ko sunana ba ta riƙe ba yanzu. Da mahaifinku ya rasu na yi takaba wata huɗu da kwana goma, babu mace ɗaya daga dangina da ta zauna kusa da ni a tabarma. Na ji maƙwabta suna tambayar juna a hankali, wai ina dangin sarautar. Mustafa yana Cotonou, Aisha tana gidan mijinta a Kandi, ke ma kin tafi. Gidan nan ɗaki shida ne, biyu nake buɗewa. Har yanzu hannuna bai iya auna shinkafar mutum ɗaya ba, kullum sai na aika wa maƙwabta saura. Da la'asar nakan bar ƙofar zaure a buɗe, duk zem, wato babur ɗin haya, da ya rage gudu a layinmu sai na saurara, sannan ya wuce. Ba don ki ji tausayina nake faɗa ba, ni na gina wannan da hannuna. Ina so dai ki ga ƙarshen abin.

Akwai kuma laifina a kanku, musamman ke. Ina yi miki kitso kina ƙarama, in kin fara kuka sai in ɗauko labarin gimbiya Tabawa, ki yi shiru. Kowace shekara labarin yana ƙaruwa, na sa mata doki, na sa mata kuyangi. Munduwar azurfar da na ba ki ranar da kika ci jarrabawar bak ta gama sakandare, na ce daga fada ta fito, a Arzèkè na saye ta wajen wani maƙeri ɗan Agadas. Azurfar ta gaske ce, in kina so ki ci gaba da sa ta. Na ga yadda labarin nan ya sa ki son tarihi, sai na riƙa gaya wa kaina ai ya yi amfani. Ranar da na ji za a rubuta shi a littafi, a ajiye a ɗakin karatu na wata ƙasa da sunanki a bango, wani ya zo ya ɗauka ya kafa hujja da shi, ranar na san na kai inda ba zan wuce ba.

Alhamis ɗin da ta wuce na je. Na shiga mota zuwa Djougou, na tambaya a tsohuwar unguwarmu, aka ce Goggo tana Bariénou wajen ɗanta Isufu, yana noman doya a can. Na hau zem. Na same ta zaune a bakin ɗaki a kan buzu, idanunta sun tafi, tana ɓare gyaɗa da lalube. Na yi sallama na durƙusa. Ta tambaya wace ce, na faɗi sunana. Hannunta bai daina ɓare gyaɗar ba.

Sannan ta ce, "Jikar sarki ce ko jikar Tabawa?"

Na ce, "Jikar Tabawa ce, Goggo."

Ta ce, "To, matso. Waccan ban san ta ba."

Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta lalubi fuskata ta ce na tsufa, wai ashe ni ma tsufan ya taɓa ni. Ta sa aka kira matar Isufu da 'ya'yansa mata, ta ce in ba su labarin Iya da bakina, daga farko. Na bayar, ta gyara mini wuri biyu. Ashe wata uku na farko jaririn ciwo yake yi, Iya ba ta fita kasuwa ba sam, goronta ya bushe a huhu, kuma da ya mutu a hannunta ba wanda ya san abin da sarki zai yi wa gidanmu. Wannan ban taɓa sani ba. Shekara talatin ina yi wa matar nan ado da doki, ban san abin da ta ɗauka ba.

Ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kanki na gaya mata inda za ki da abin da za ki karanta, har labarin basaraken da jikokinsa biyu. Ta saurara sosai, sai ta tambaya su sarakunan biyu wa ya shayar da su, don ita a saninta matar sarki ba ta cika zama da goyo ba. Na ce ban sani ba. Ta ce ke da za ki har can, ki duba mata ko an rubuta sunan matar. Ta kuma ce tana so ta taɓa fuskarki kafin ki tafi.

Saura kwana tara jirginku ya tashi. Ki rubuta wa malamin nan tun kina ƙasar nan, ba sai kin sauka kin ga fuskarsa ba. Kada ki yi kwana-kwana, ki ce abin da kika rubuta game da danginki ba daidai ba ne, mahaifiyarki ce ta gaya miki haka, yanzu ta gyara, ga kuma yadda abin yake. Na san abin da kike tsoro. Ban san dokarsu ba, ba zan ce miki ba za su taɓa bursin ba. In sun bar miki, ki tafi da ƙafarki a kan ƙasa mai ƙarfi. In sun janye, ki dawo, ni na jawo, zan kuma faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa ni ce. Amma ba za ki ci abincin shekara biyu da ƙaryata ba.

In kin aika, ki shigo mota ki taho. Sayayyar da ta rage Mustafa ya ƙarasa miki. Za mu kwana nan, da safe mu wuce Bariénou. Ki sayi farin goro mai kyau, ki ɗauki littafin rubutu. In an kawo miki kujera kada ki hau. Hausarta a gauraye take da Dendi, abin da ba ki gane ba ki tambaya, ba ta gajiya da tambaya. In kina jin haushina, ki ji, kina da gaskiya, amma ki riƙe shi har mu fito daga gidan.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mutuncinki da addininki a ƙasar da ba ki da kowa. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya raba ki da kunyar da ba ta da dalili. Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya sa ki tarar da ni da Goggo da rai. Ya ji ƙan mahaifinki, ya ji ƙan Iya.

Na riga na kira Mustafa da Aisha na sanar da su, ke ce ta ƙarshe. Daga yau, a gidan nan da gidajenku, ba mai sake cewa jikan sarki, ko da wasa. Zabiyar da ta faɗa a bikinmu ni zan tashi in tsayar da ita. Duk Sallah, muddin Goggo tana numfashi, ɗayanmu zai kwana a Bariénou. Wanda kuma aka tambaye shi asalinsa, a Parakou ne ko a Koriya, amsarsa ɗaya ce: mu jikokin Tabawa mai goro ne, wadda ta shayar da ɗan sarki ta mayar wa ubansa da shi da rai.